Kwalekwalen Baba a Kan Siminti

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin ofis. Mu ma lafiya lau, ban da ƙafar Baba.

Ba zan yi kewaye-kewaye ba. Ranar Talata na dawo daga ƙetare a nawa kwalekwalen na tarar da turke da igiya, babu kwalekwalen Baba. Mai shayin bakin gaɓa ya ce kai ne ka zo da 'yan kwamiti da babbar mota, kuka ɗauke shi zuwa ɗakin tarihin da kuka gina. Ka san sarai lokacin da nake fito, shi ya sa ka zaɓi hantsi. Na san ka tambayi Baba. To yaushe Baba ya taɓa ce maka a'a?

Tarihi kake so? Zo in ba ka. Kafin a yi gada, kwalekwale arba'in ake ɗaurewa a gaɓar nan, ƙarar gizago ke tashin mutane da safe. Yau saura uku, kuma wanda ka ɗauka shi ne na ƙarshe da Baba ya sassaƙa da hannunsa. Icen da ya shekara talatin a ruwa ba a ajiye shi ƙarƙashin kwano. Ruwan ne ke riƙe da shi, in ya bushe tsagewa zai yi. Abin kunya ne a ce sai an rubuta wa ɗan masassaƙi wannan a takarda. Ka dawo da shi kafin zafi ya shigo.

Ka gaida matarka da yara.
Yayanka.

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Amsarka ta iso tare da ɗan littafin da kuka buga. Sannunku da ƙoƙari. Na ga inda kuka ce fito sana'a ce ta mutanen da. To ni da nake kai matan garin nan gonakinsu a ƙetare kullum safiya, fatalwa ce ke nan? Ko ka manta gadar taku tafiyar awa biyu ce a ƙafa?

Ka ce masana sun tabbatar maka fenti zai kare shi. Wane masani? Na je na gani da idona. Kun lafta masa shuɗin fenti kamar ƙofar shago, kun ɗora shi a kan siminti, kun jingina filafilin a juye. Tsaga ta fara daga hanci, har ɗan yatsana yana shiga. Na koma da bokiti biyu zan jiƙa shi, mai gadi ya hana ni, wai zan ɓata musu daɓe.

Wallahi ban taɓa jin haushinka irin na ranar ba, har da ranar da ka saki gorar tuƙi a tsakiyar kogi aka zane ni a madadinka. Har yanzu yana gyaruwa in ya koma ruwa cikin satin nan. Ban taɓa roƙonka komai ba, amma yau ina roƙo.

Yayanka.

Auta,

Lafiyarka ƙalau, na sani, tunda mun ji muryarka a rediyo ranar buɗe ɗakin. Baba ma ya ji, ya nace sai an kai shi. Jiya na ɗauke shi a babur.

Ya daɗe a tsaye da sandarsa. Mai gadi ya ce masa, "Baba, ba a taɓawa." Na ce, "Shi ya yi shi, matsa ka ba mu wuri." Baba ya ƙwanƙwasa gefen kwalekwalen da bayan hannu, ya kasa kunne kamar yadda yake yi wa kowane ice. Sai ya bi tsagar da tafin hannu tun daga hanci har wutsiya, hannun na shigewa. Na ce ko a gwada kwalta da auduga. Ya ce, "Bar shi, ya riga ya mutu."

Muka koma gida. Da na sauke shi sai ya riƙe mini riga ya ce, "Kada ka faɗa wa Auta, ransa zai ɓaci."

Shi ya sa na rubuto.

A gaida yara, su ba su yi mini komai ba.
Yayanka.