Hanjin Yayanki

Sakkwato, Laraba.

Zuwa ga 'yata Nazifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dukkan mutanen Bakura.

Muna asibiti da yayanki. Kin san gyambon babban hanjin da yake fama da shi tun yana makaranta. Da zawon jini ya dawo masa bayan girbi, bai faɗa mini ba, wai kunya. Matarsa Batulu ce ta bayyana mini komai a mota: ke ya ba tsohon kwalin maganinsa, kika kai kemis a kasuwar Talata Mafara, aka cika miki leda, shi kuma ya ninka abin da yake sha. Nazifa, wa ya koya miki haka? Kwali ba likita ba ne. Na tura ki makaranta don ki riƙa tambaya kafin ki miƙa hannu.

Likita ya ce ƙwayar nan tana kwantar da gyambo, amma tana raunana garkuwar jiki. Akwai wani bairas, wato ƙwayar cuta, da ke kwance shiru a jikin mutane da yawa; da ya ga babu mai tsaro, sai ya farka a hanjin. Alamunsa iri ɗaya ne da na tsohon ciwon, shi ya sa yana ƙara magani, ciwo yana ƙaruwa. Sai da suka zura na'ura mai kyamara, suka gutsuro ɗan nama suka gwada, sannan aka gane.

Yanzu suna rage masa ƙwayar a hankali, don ba a yanke ta rana ɗaya, suna ba shi maganin bairas ta jijiya. In maganin bai karɓe shi ba, za a cire babban hanjin, ya riƙa bayan gida a jaka ta gefen ciki. Ban yi kuka a gabansa ba. Ki tashi ki yi addu'a.

Mahaifiyarki,
Ummulkhairi Barau.

Sakkwato, Juma'a, bayan mako uku.

'Yata Nazifa,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ya jikin ƙaramar, ta fitar da haƙorin?

Batulu ta ce kin daina cin abinci tun da saƙona ya iso. Wannan ma wauta ce. Na san tausayi ya kai ki kemis, ba mugunta ba, kuma shi da ya girme ki ya fi ki laifi. Na faɗa masa haka yana kwance.

Makon farko ya ba mu wuya. Kullum sai an ɗebi jininsa, saboda maganin yana iya rage ƙwayoyin jini, har na fara tsanar ganin allura. Daga nan zazzaɓi ya sauka, zawon ya ragu, jinin ya ɗauke. Jiya likitan tiyata ya zo ya danna cikinsa, ya daɗe yana duba sakamako, ya ce ba shi da aiki a nan. Gyambon ba ya warkewa har abada, za a ci gaba da lallaɓa shi, amma hanjin yayanki yana nan inda Allah ya ajiye shi.

Za a sallame mu da ƙwayoyi mu koma gida Maradun. Ki nemi izinin mijinki ki zo ki tarye mu. Kunun gero yake ta nema, kuma ya ce naki yake so.

Ki gaida kowa da kowa.

Innarki,
Ummulkhairi.