Babu Wanda Za A Je A Gaisar

Daren Laraba, Makarfi

Yau na yi intabiyun neman aiki da kamfanin takin nan ta waya. Na sa farin kaftanina, na hau mashin har bakin titi saboda a nan sabis ya fi ƙarfi. Ashe ba mutum ne zai yi min tambayoyin ba, na'ura ce mai muryar mace. Na yi mata sallama, ba ta amsa ba. Ina cikin bayanin yadda na koya wa manoman Dandamisa sa taki a masara, tirela ta wuce da ƙara. Na ce don Allah a bari in sake, sai ta ce ta gode, ta wuce tambaya ta gaba. Kafin in iso gida, saƙon ban haƙuri ya shigo.

Da Baba ya ji, sai ya sa babbar rigarsa, ya kira Kawu Sale da ke ofishin ɗaukar ma'aikata a Kaduna.

"Sale, wa ya kamata in je in gaisar? Yaron nan ya san aikinsa."

Kawu ya ce, "Yaya, babu kowa. Kwamfuta ke tacewa yanzu. Ni ma an sallame ni, kunya ta hana ni faɗa."

Baba ya zauna a zaure da rigar har magariba.

Na gaji wallahi. Da mutum ne ya ƙi ni, ko dalili zan tambaye shi. Gobe zan bi Baba gonar rake. Bai ce in zo ba, amma ya wasa fartanya biyu.