Tallan Alhaji da Lambar Wayata

Kunci, Litinin

Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Najib da yara. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Inna tana gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Wayata a kashe take, dalilin kuma zan gaya miki.

Kin san na ajiye aiki a shagon iri da taki na Alhaji Kamaruddeen, don ina neman aikin koyar da mata manoma da wata ƙungiya ta buɗe a Ɗambatta. Sun ce lallai in kawo takardar shaida daga wanda na yi wa aiki zuwa Alhamis, in ba haka ba su ba wata. Sai na kai masa sibin nan, wato takardar tarihin aikina, da muka zauna ni da ke muka rubuta, don ya ga abin da zai sa. Ya karɓa, ya ce in dawo.

Ranar Juma'a sai ga talla manne a bangon shago, ga shi kuma yana yawo a wayoyin mutane, wai ana neman ma'aikaci. Yaya, maganata ce tun daga sama har ƙasa. Gwada iri a jiƙaƙƙen buhu kafin a sayar. Sanin matan ƙauyuka goma sha ɗaya da irin ƙasar gonakinsu. Jin Fulatanci. Har gyaran da kika yi mini a layi na uku yana nan. Mai buga masa takardu ko lambar wayata bai cire ba, don haka ni ake ta kira ana tambayar ko an riga an ɗauki wani.

Shekara bakwai yana ce wa baƙi ni mai jiran shago ce kawai. Yanzu ga shi ya sa hannu a ƙarƙashin duk abin da nake yi, amma don ya nemo wani. Ba ni da ƙarfin faɗa, wallahi. Na gaji, kuma takardar har yau bai ba ni ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Ummukulthum

Kunci, Juma'a

Yaya Aina'u,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙon man zafi, Inna ta gode.

Laraba da yamma Alhaji ya ba ni takardar. Layi biyu ne: wai ina da ladabi, kuma ina buɗe shago a kan lokaci. Haka na ninke ta na tafi Ɗambatta jiya.

Shugabar, Hajiya Sa'adiyya, ashe tallan ya riga ni isa wayarta. Ta ajiye shi kusa da sibina, ta tambaye ni me ya sa na kwafi tallan mutane na ce aikina ne. Kunya ta rufe ni kamar ni na yi satar. Da kyar na kunna wayata, na roƙe ta ta kira lambar da ke ƙasan tallan. Ta kira, wayar ta yi ƙara a cikin jakata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi dariya. Ni dai ban iya ba. Litinin zan fara, alhamdulillahi. Na zaci zan yi murna, amma barci kawai nake ji.

A mota ina dawowa wata ta kira, sunanta Mairo, daga Bici, bana ta gama kwaleji. Muryarta cike da ladabi. Ta ce ta karanta tallan sau uku, tana so ta san mutum nawa za su raba wannan aikin.

Na yi niyyar kashe wayar, sai na ga bai kamata ba. Na ce mata mutum ɗaya ce. Na ce in ta je, ta roƙi Alhaji ya rubuta mata takardar shaidarta tun ranar farko, tun yana tuna mene ne aikin.

Ki gaida yara, ki kula da ƙafar nan.

Ƙanwarki,
Ummukulthum