Koren Zare a Aljihun Hagu

Skipton, ranar Alhamis

Zuwa ga yayata Gwenda,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar taki, tana barin ki hawa bene? Ki gaida min Alun, ki ce na ga hoton kabewar da ya noma, na kuma yi mamaki gwargwadon yadda yake so.

Tun da mijina Desmond ya rasu kike cewa in riƙa shiga mutane. To na shiga, ga abin da na samo.

Kin san shagon gwanjon da nake aikin sa kai, wanda kuɗinsa ke tafiya gidan jinyar da Desmond ya cika. Wata shida ina fama da masu watso min kaya a teburi, da masu cinikin kofin shayi kamar gona za su saya. Ba su taɓa damuna ba. Wadda ta shekara talatin tana koyar da 'yan jami'a ta ga rashin kunya kala-kala.

Shagon yana da ƙa'idoji biyu. Kayan mamaci ba a rataye su a garinsu, mota ke kai su reshe mai nisa, don kada matarsa ta ga rigarsa a jikin maƙwabci. Abin da kuma ya yi mako uku ba a saya ba, sai a tura shi reshe na gaba. Ba wanda ya taɓa zama ya haɗa biyun nan, har da ni mai digiri.

Shekaranjiya ina teburin biya, sai ga wani ƙato mai jan wuya sanye da kwat ruwan ƙasa, takardar farashi tana lilo a hannun rigar. Tun daga nesa yake faɗa, wai warin tsufa take yi, wai fam takwas fashi ne da rana tsaka, biyar zai ba da. Na ce farashi ba a hannuna yake ba. Sai ya zaro aljihun hagu waje, ya turo min a fuska.

"Duba nan, iya. Wace makauniya ce ta ɗinke wannan?"

Koren zare ne, Gwenda. Da shi na ɗinke aljihun, don zare ruwan ƙasa ya ƙare min ranar da za mu bikin 'yarki. Kwat ɗin Desmond ce, wadda na ba shagon bayan rasuwarsa. Ta zaga rassanmu kaf ba wanda ya so ta, ta dawo gida da safen ranar.

Na ce masa ni ce makauniyar, rigar mijina ce, a watan Maris ya rasu. Na zaci zai sunkuyar da kai. Ko gezau. Ya yi min ta'aziyya a gaggauce, sannan ya ce tunda na amsa aikina ne, ai yanzu ba ni da bakin hana ragi.

Na ce ya tuɓe, ni zan saya. Misis Ackroyd, shugabar shagon, ta fito daga ɗakin guga, ta raɗa min abin da na riga na sani: mai aiki ba ta sayen kaya sai sun kwana a rataye. Mutumin ya ji, ya ƙyalƙyale da dariya, ya fara laluben walat.

Na tambaye ta ko dokar ta hau kan masu saye. Ta ce a'a. Na cire bajon sunana na miƙa mata, na zagayo gaban teburin, na ajiye fam takwas cif. Ta dube ni, ta dubi biyar ɗinsa, ta ce, "Malam, ka ba matar nan rigarta."

A nan na saka ta. Ta yi min yawa, hannun ya rufe min yatsu. Na ja ƙofa, ƙararrawa ta kaɗa, ta rufu a bayana. Sai a tashar bas na tuna lemata tana ciki. Ban koma ba.

Na san ki, kada ki aiko min da zare ruwan ƙasa. Haka zan bar shi.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Rosalind