Jarkokin da maigidana ya kulle a ɗakin albasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, ƙannena na cikin wanga zaure. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina ni kaɗai.

Ni mutuniyar Maiyama ce, aure ya kai ni Aliero tun shekarun da anka raba jiharmu da Sakkwato. Maigidana falken albasa ne, lokacin shina bin manyan motoci zuwa Kudu. Muna sabon aure ya dawo daga wata tafiya, ya gaya mini cikin dariya wai wani abokin cinikinshi ya ba shi abu mai sanyi a kofi, sai da ya shanye anka ce mishi giya ce. Ya ce ya yi istigfari, ni ma na ɗauke shi tsautsayi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yake ba da labarin, wai ɗacinta ba irin na magani ba ne, wai ko na san da hatsi ake yin ta? Ya daɗe shina maimaita wagga tambaya, sannan maganar ta mutu.

Bana ciwon ƙafa ya hana shi tafiya, yara sunka saya mishi babbar waya. Sai na riƙa jin muryar Turawa, in na leƙa in ga manyan tukwane na tafasa, ina matsowa ya kife wayar. Ran nan ya tafi kasuwar Jega ya dawo da jarkoki da siririn tiyo da jar dawa, alhali rumbunmu cike yake. Ya jiƙa ta, ya rufe da buhu har ta tsira, ya shanya, ya tsallake injin da ke ƙofar gidanmu ya kai niƙa har garin Katanga. Ɗakin ajiyar albasa da ko ƙyauren kirki bai da shi, can ya jera jarkokin, yanzu kwado ne a jiki.

Da na tambaya ya ce kunun tsiro ne, maganin gyambon ciki. To ni kunun zaƙi nike saidawa, na san tsiro, amma ban taɓa ganin kunun da ake toshewa a jarka a bar shi kwana da kwanaki shina kumfa ba. Na faɗa mishi haka, ya fusata, ya ce na tsufa da zargi, ya rantse bai taɓa maye ba, sha'awar ganin yadda hatsi ke juyewa ce kawai ta kama shi. Tsakani da Allah ban taɓa ganin shi shina tangaɗi ba, kuma jam'i ba ya wuce shi. Sai dai kwanan nan kanumfari ba ya barin bakinshi, mutumin da ko a shayi ba ya son shi.

Yanzu tsamin ya fara ƙetare bango. Maƙwabciyata da ke sayen kununa kullum ta ce wai mi nike ƙarawa ciki, tun ranar ba ta sake saye ba. Yayana malami ne a Maiyama, na yi tunanin kai mishi maganar, amma na san shi, gobe zai iso da mutane, in kuma kunun ne da gaske na zubar da mutuncin uban 'ya'yana a banza.

Jiya da hantsi ya kawo mini kofi ya ce, "Uwar Sa'adatu, ɗanɗana ki raba gardama da kanki. In kin ji wani abu, da hannuna zan zubar." Na karɓa, ban sha ba. In na sha kuma giya ce, da sanina na sha. In na ƙi, ya ce ba ni da hujja. Kofin na nan ƙarƙashin gado na rufe da faifai, shi kuma tun safe shina tambayata ya na ji shi. Jama'a, mi zan ce mishi?