Inna, Ba a Sallame Ni Ba

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hassi, ɗiyarki. Yanzu na iya boko, har littafi nake karantawa.

Sanƙarau ya shigo Isa da bazarar bana, Inna. Turawa sunka hana cin kasuwa, anka ce kowa shi kwana waje. Kin san rumfar Gwaggo Ige, inda kinka daɗe kina tuƙin tuwo, nan ta ɗauke ni aiki bayan rasuwarki. Murhunta ya huce. Ta tara mu 'yan aikinta, ni da Balki da Tumba, ta ce ɗaya kaɗai take iya riƙewa.

Na san ba ni ba ce. Ni da ke tsayawa da ludayi a hannu ina tunanin masoyan cikin littafi har miya ta kama? In an sallame ni kuwa, sai Kamarawa wurin kawu, ba aiki, ba karatu.

Ana cikin haka sai ga fatake daga arewa, ƙasar da Faransa ke mulki, da jakunan kanwa. Anka tsare su bayan gari gindin tsamiya, ba shiga, ba komawa. Sunka aiko wa Gwaggo suna son tuwo safe da marece. Malamin asibiti ya yarda, amma mai kaiwa ta aje akushi nesa ta juyo, ba tsayawa, ba hira.

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Wanga aiki na Hassi ne, ita da ko gaisuwa sai an roƙe ta."

Kin tuna kina ce mani, "Buɗe baki mana, mai saida abinci ba ta kunya"? To ga shi, Inna. Balki na daka, Tumba na tuƙi, ni ina ɗauka.

Wata rana na tarar an wanke akushi tas, da dabino a ciki. Ban san wa ya sa ba, ban ɗaga kai ba. Ke kaɗai na gaya wa.

Ciwon ya lafa, ko da yake ya tafi da ƙanen Tumba. An buɗe kasuwa, mu ukun duk muna nan. Gobe ma za ni rumfa, Gwaggo ta ce za ta fara bar mani muciya.

Allah shi haskaka kabarinki, shi sada mu cikin aljanna.

Taki,
Hassi