Manyan Baƙi a Ƙofar Masana'antar Man Suya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fatan kin daina hawa benen asibitin nan da gudu kamar ke kaɗai ce nas a duniya. Mu nan lafiya lau, maman yara tana gaishe ki.

Kin ce in daina kiranki a waya ina haki, in zauna in rubuta abin da ke bakina, wai alƙalami yana sa ni nutsuwa. To ga ni a teburin Baba, cikin shagon hotonmu.

Akwai wani sabon kamfani can bayan tashar manyan motoci. Wata injiniya ce ta kafa shi. Suna bin gidajen abinci da otal-otal suna karɓar tsohon man suya, wanda ya yi baƙi ake zubarwa a kwata, su tace shi, su haɗa shi da sinadarai, ya koma dizal. Dizal na gaske, Yaya, wanda mota ke sha ta yi tafiya! Mai Aski maƙwabcinmu ya samo galan ɗaya ya zuba a janareto, ta tashi ba ko tari. Abin da kawai ya faru shi ne duk layinmu ya ɗauki ƙamshin soyayyen dankali, har wani da ake yi wa aski ya tambaya ko a nan ake sayarwa.

Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari, kuma yanzu kowa yana iya saye ta waya. Idan layin da ke nuna farashi a wayar ya yi kore, farashi ya hau. Idan ya yi ja, ya faɗi. Na wannan kamfani ba ya zama wuri ɗaya. Da safe ka duba ka ga kanka attajiri, kafin rana ta take ka koma yadda kake, da yamma kuma ka fara tunanin irin motar da za ta dace da kai. Mu 'yan layin nan mun buɗe zaure a waya don wannan harka kaɗai. Mai Aski ne shugaba, don shi ya fi kowa baki. Tela kuwa da wayar yake ɗinki, hannu ɗaya kan keke, ido ɗaya kan layi. Jiya ya ɗinke wa wani aljihun wando ruf.

Ranar Asabar muka ce bari mu je mu ga dukiyarmu da idonmu. Tela ya ce ba za mu je wa kamfaninmu kamar masu neman aikin dako ba, sai ya ara mana kwat-kwat na mutanen da ba su zo karɓar ɗinkinsu ba. Tawa ta yi mini yawa, hannunta ya rufe yatsuna. Ba mu sami Injiniya ba, amma mai gadi ya ba mu hulunan kwano masu ruwan ɗorawa, ya bar mu muka tsaya a bakin ƙofa muna kallon tankuna. Mai Aski yana ta nuna su da yatsa kamar shi ya gina su. Na ɗaura tsohon gilashin kyamarar Baba a kan sabuwar kyamarata, na ɗauke su ta gaba, ta gefe, ta baya, na zuba hotunan a zaure muka sha dariya.

Kada ki tayar da hankalinki, ɗan abin da na tara don sabon labulen bango kawai na saka. Amma Yaya, ina jin abin nan a jikina.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, da ke da mutan gidan. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Manya sun shigo! Labari ya cika gari cewa wasu manyan masu zuba jari daga waje sun zo a ɓoye sun duba masana'antar, za su saye rabinta. Ba jita-jita ba ce, har hotonsu ya fita. An ɗauke su ta baya suna tsaye a ƙofa, cikin baƙaƙen kwat, ɗaya yana nuna tanki da yatsa, an rubuta a ƙasa da jan rubutu cewa ciniki ya kusa faɗawa. Daga zaure zuwa zaure yake yawo, ya dusashe don yawan turawa, amma ko a haka kina ganin ƙeyarsu kin san ƙeyar masu kuɗi ce. Na dai ce wa Mai Aski wanda ya ɗauki hoton bai san aikinsa ba, ya bar rana a gabansa, ya yanke ƙafafun mutane. Ya ce in rufa masa baki, ɗan leƙen asiri ba ya tsayawa gyara haske.

Tun ranar layin bai sake yin ja ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabi. Ɗan kuɗin labulen nan nawa yanzu zai sayi labule da fitilu da kujerar zaman amare. A shagon Mai Aski ba a aski sosai, tsaye ake ana ihu. Tela ya sayar da babban kekensa na aiki ya zuba kuɗin, ya ce nan da wata ɗaya masana'antar ɗinki zai buɗe.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Mai Takalma na tsallaken titi ya daɗe yana son shagon nan ya mai da shi wurin ajiyar kaya, ya kuma sake taya shi da daraja. Shagon namu ne mu biyu, ba zan taɓa shi ba sai da yardarki. Na san a nan kika koyi rubutu a bayan tsofaffin hotuna, na san har yanzu ƙusar da Baba ke rataye hularsa tana nan. Amma ki duba gaskiya. Kowa ya zama mai hoto da wayarsa. Sai in wuni ban ga kowa ba sai mai neman hoton fasfo, shi ma ya tsaya yana neman ragi. Idan muka sayar muka zuba a hannun jarin nan kafin manyan su sa hannu, zan buɗe wani wurin da ya fi wannan sau goma, ke kuma ki huta da aikin kwana.

Maman yara ta ce duk abin da kika ce shi ne nata. Don Allah ki amsa da wuri, layin nan ba ya jiran kowa.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ƙaramar 'yarki tana tari, Allah ya ba ta lafiya.

Amsarki ta iso. Na gode da kika yarda, kodayake na karanta layin ƙarshen nan sau da yawa, inda kika ce in yi yadda na ga dama, amma in sauke hoton Baba daga bango da hannuna kafin Mai Takalma ya shigo da kwalayensa. Zan yi hakan. Ban sauke ba tukuna.

Mai Takalma ya zo jiya da igiyar awo, yana ta buga bangon ɗakin wanke hoto yana cewa wannan rushe shi za a yi. Na ji wani iri, amma da na duba waya na ga kore sai abin ya wuce. Ranar Alhamis za mu sa hannu.

Aikina na ƙarshe a shagon nan ma na harkar ne. Mai Aski yana so in faɗaɗa masa hoton manyan baƙin nan, babba, ya kafa a saman madubinsa, wai don jikokinsa su san ƙeyar da ta yi masa arziki. Gobe zan yi.

Ki sa mu a addu'a.

Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, tarin ƙaramar kuma ya lafa. Wannan karon ma ki zauna, amma ki ajiye kofin shayi, kada dariya ta sa ki ƙone.

Na ɗora hoton manyan baƙi a kan babban allon kwamfuta, na fara gyara shi don ya fito. Ina ƙara masa haske sai na ga wani ɗan tabo kamar wutsiyar waƙafi a kusurwar sama. Yaya, kin san tabon nan. Shi ne karcen da kika yi wa gilashin kyamarar Baba da cokali muna yara, wanda ke fitowa a kowane hoto idan rana tana gaba. Yana kan hoton aurenki, yana kan nawa.

Na matso kusa da allon. Na ƙara faɗaɗawa. Babban attajirin da ke nuna tanki, ƙarƙashin hular kwanonsa ga ninkin wuyan Mai Aski nan guda biyu. Na kusa da shi, igiyar awon Tela ce ke leƙowa daga aljihunsa. A kafaɗar na ukun, wani ɗan layinmu, har alamar allin ɗinki tana nan. Hotona ne na ranar Asabar. Wani ya kwafe shi daga zaurenmu, ya juya shi hagu zuwa dama, ya datse gefe, ya yi masa jan rubutu. Ya zaga gari ya dawo mana, muka tarbe shi da tafi. Mu ne manyan baƙin. Ƙeyarmu muka gani muka sayar da keke, muka kusa sayar da shago. Mai hoton da na ce bai san aikinsa ba kuwa, ga shi yana rubuto miki wasiƙa.

Na kira Mai Aski da Tela na nuna musu. Tela ya zauna a kujerar fasfo. Mai Aski ya daɗe yana kallon wuyansa, sannan ya ce wallahi bai san ya yi ƙiba haka ba. Da ya dawo hayyacinsa sai ya rufe ƙofa, ya ce, "Auta, hoton ƙarya ne, amma farashin gaskiya ne. Ka kashe kwamfutar nan, mu sayar a hankali, jibi sai ka yi wa'azinka."

Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta shige ni. Na riƙe waya, yatsana yana kan wurin sayarwa. Abin da ya hana ni shi ne na tuna dole wani ne zai saya daga hannuna, kuma mai yiwuwa shi ma yana can yana rubuta wa yayarsa wasiƙa a kan shagon babansu. Sai na ɗauko hoton da na yi musu ta gaba a wuri ɗaya, ga su nan suna washe baki cikin kwat ɗin aro, na jera shi da na bayan, na tura zaure, na ce a tura duk inda na farkon ya je.

Yaya, ban taɓa ganin ja irin na ranar ba. Layin farashin ya gangaro kamar an saki guga a rijiya. Layinmu ya cika da mutane, wasu na zagina, wasu na riƙe ciki don dariya, wasu kuma sun zo ne kawai su ga wuyan Mai Aski da idonsu. Kuɗin labulena ya koma ƙasa da yadda na saka shi. Tela ne abin tausayi, abin da ya rage masa ba zai dawo da kekensa ba. Na ba shi ɗakin baya ya ajiye ƙaramin keken ba haya, har ya farfaɗo. Mai Aski ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Da na je aski ya bar mini gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ban yi ƙorafi ba.

Ranar Alhamis Mai Takalma ya zo da alƙalaminsa. Na ba shi kujera, na ba shi haƙuri, na ce shago ba na sayarwa ba ne. Ya ce ai an yi magana. Na ce an yi, amma da manyan baƙi aka yi, kuma sun koma ƙasarsu.

Sai ga abin da ban zata ba. Shekaranjiya wata mata ta shigo cikin rigar aiki mai tabon mai, ta tsaya tana kallon hotunan bango. Injiniya ce da kanta! Ta ce tun farko ta fitar da sanarwa cewa babu wasu baƙi, babu wanda ya saurare ta, don sanarwarta ba ta da hoto. Ta ce kamfaninta ƙarami ne, tanki ɗaya ne ma ke aiki, sauran fenti ne kawai ke jikinsu, amma wannan ɗayan yana fitar da dizal kullum, kuma wata makaranta ta fara zubawa a motocin ɗalibanta. Tana so in je in ɗauki aikin yadda yake, da baƙin mai da tiyo da ma'aikata, fuska a gaba. Sharaɗinta ɗaya: kada in zo da kwat.

Gobe zan je, da gilashin Baba. Kuma tun da labarin ya bazu, samari ke shigowa a ɗauke su ta baya cikin kwat da hular kwano, su tura wa abokai wai sun zo sayen gari. Tela ke ba da hayar kwat ɗin. Jiya har layi aka yi.

Ɗan hannun jarina yana nan ban sayar ba. Yau da safe ya ɗan yi kore, sai na kifa wayar na ci gaba da aiki. Hoton Baba yana inda yake, ban taɓa sauke shi ba. Na goge masa ƙura, na kafa na manyan baƙi a ƙasansa, ta yadda zai riƙa kallon ƙeyarsu.

Idan kin sami hutu ki zo ki gani. Ki taho da cokalinki, ina so in yi masa godiya.

Ki gaida maigidan da yara, maman yara tana miƙo tata gaisuwar.

Ƙaninki, mai hoton da bai san aikinsa ba,
Auta